Kawu Ya Ƙi Zubar da Shayi

"Ni ban ce ba ka iya ba, Baba," in ji daraktan, yana share gumi. "Cewa na yi ka ɗan lalubi kofin, shayin ya zube a tebur. In ba haka ba wa zai yarda makaho ne?"

"Au, makantar tawa ce ba ta ishe ka ba?" in ji Kawu. "A ƙaro maka wata?"

Mai kyamara ya kwashe da dariya har sai da ya dafa bango.

Kawu yayan mahaifiyata ne, saƙar kujeru yake yi. Ciwon ƙyanda ya tafi da idonsa tun yana yaye. A shagonsa kowane abu da mazauninsa: almakashi a ƙusar dama, igiyoyin roba jere a kan katako, ja daga farko, shuɗi daga ƙarshe. A nan daraktan ya same shi, ya kawo gyaran kujera, ya tafi da alkawarin saka shi a fim, a matsayin uban amarya. Mako guda Kawu yana haddar maganganunsa, yana saƙa yana maimaitawa, ya kuma gaya wa duk layin.

Yanzu ga fitilu an kunna a falon aro, daraktan kuma ya ce in ba za a zubar da shayi ba, akwai ɗan wasan da zai rufe ido ya yi.

Ni da na rako Kawu, na san yadda yake son fim ɗin nan.

"Ɗana," ya ce a hankali, "'yata za ta kalla, da ƙawayenta. Tun tana goye nake haɗa mata shayi, ban taɓa ƙona ta ba. Ba zan tsaya gaban duniya in yi mata ƙarya ba. Kira mai rufe idon."

Ya miƙe yana gyara hula.

Daraktan ya ce, "Tsaya, Baba. Yi sau ɗaya yadda kake yi a gida, mu gani."

Kawu ya ɗaga butar, ya ɗan karkata kunne, ƙarar ruwan tana sirancewa yayin da kofin ke cika. Ya tsaya daidai baki, ya tura wa wanda ya fito a matsayin baƙo, hannun kofin na fuskantarsa.

Daraktan ya daɗe yana kallon ƙaramin allonsa. "Wannan za mu ajiye. Gobe da safe akwai fitowa ta biyu."

"Sai dai da hantsi," in ji Kawu, ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofa. "Kujerar mai kanti na jirana, saura mata bayan."