Ranar da Ƙofar Jirgi Ta Kama Mini Goyo

Lokacin da abin nan ya faru ɗiyata ɗaya, ko yaye ta ban yi ba, kuma ban daɗe da biyo maigidana Kuala Lumpur ba, inda aka turo shi ƙaro karatu. Ni iyakata sakandare. Turancina na cefane ne, yarensu kuwa ban da kalma biyu ko uku ban san komai ba. Kuma gaskiya ni mutum ce mai gaggawa, ba na son jira, ba na son a maimaita mini magana. A Kano idan mota ta fara tafiya, ni ce mai dukan bayanta in ce wa kwandasta ya tsaya, kuma dole ya tsaya.

A unguwar Bukit Jalil muke zaune. Ranar na je barka unguwar Kampung Baru gidan wata 'yar garinmu, zan dawo ta jirgin ƙasa na cikin gari. Maigidana ya sha gaya mini idan na ji ƙofa ta fara ƙara in tsaya, wani jirgin yana nan tafe. Na ce masa na ji, ai ni ba yarinya ba ce. Tashar a ƙarƙashin ƙasa take. Ina saukowa, ledar abinci a hannu, yarinya a goye na lulluɓe ta da hijabina saboda sanyin wurin, sai na hango jirgi a tsaye, ƙofa tana ƙara. Na kwasa da gudu ina ɗaga hannu ina cewa a dakata, da Hausa ma. Na faɗa ciki ina ganin na sha. Abin da na manta shi ne akwai mutum a bayana.

Sai na ji an fizge ni ta baya, yarinyar ta tsandara ihu. Na yunƙura in yi gaba, na kasa. Na yi ƙoƙarin juyawa, na kasa. Ƙofar ta rufe a kan hijabin da zanin goyon, kuma jirgi ya tashi. Na kai hannu baya na laluba, na ji ƙafarta ɗaya. Ɗayar ban ji ta ba. Wallahi har yau ban san yadda zan kwatanta wannan lokacin ba. 'Yata tana jikina, ina jin kukanta a ƙashin bayana, amma ba na ganinta, ban san ko ƙafar tana ciki ko tana waje cikin duhun ramin nan ba.

Na dinga ihu a gaya wa direba ya tsaya. Mutane suka taso, kowa yana magana, ban fahimci ko ɗaya ba. Wani yana nuna ƙofa, wani yana nuna ni, wani saurayi yana magana da bangon jirgi, na ɗauka ya zautu ne, ashe maɓallin kiran ma'aikata ya danna. Wata dattijuwa Bamalaya, 'yar ƙasar, ta zo ta kama ƙullin zanina na ƙirji tana ƙoƙarin kwancewa. Ni a tunanina tsiraici za ta yi mini gaban maza, ko kuma yarinyar za ta saki ta faɗi. Na make mata hannu, na ce mata ke baiwar Allah cika ni. Ba ta yi fushi ba. Ta sake kamawa, ta nuna mini wata mata da ta riga ta durƙusa ta tallabe yarinyar ta ƙasa. Sai a lokacin na gane. Na bari ta kwance, na zame daga cikin hijabin, suka zaro mini ita. Ƙafar tana ciki, ta naɗe ne a cikin zanin, gefen cinyarta ya yi ja inda ƙofar ta buge ta. Dattijuwar ta cire gyalen kafaɗarta ta rufa mini.

Kun san abin da na yi da hankalina ya ɗan dawo? Maimakon godiya, sai na saɓa yarinya na nufi gaban jirgin, zan je in wanke direban da ya ga mace da goyo ya ja jirgi. Na je har ƙarshe. Gilashi ne kawai, da wasu yara a tsaye suna kallon hanya. Babu direba, babu kujerarsa ma, ashe jirgin shi yake tuƙa kansa. Na tsaya ina waige-waige kamar wadda aka yi wa asiri. A tasha ta gaba ma'aikata suka shigo, suka duba yarinyar, suka miƙo mini zanina. Na nemi dattijuwar, ta riga ta sauka.

Da maigidana ya zo ɗaukarmu bai yi mini faɗa ba, ya karɓi 'yarsa ya daɗe yana duba cinyar. Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne wannan jirgin ba ya ganin kowa, ba ya jin magiya, babu wanda za ki ɗaga wa hannu. 'Yan uwana mata da kuke zuwa da ƙananan yara, idan kin ji ƙarar nan ki ja baya ki bar shi ya tafi. Ki tattare hijabinki da bakin zaninki kafin ki shiga, in da hali ki sauke yaron ki rungume shi a gaba inda idonki yake. Idan kuma abu ya faru, ki dubi hannun mutane ko ba kya jin bakinsu. Ni wadda ta cece mini 'ya duka ta samu a wurina, kuma ban san inda zan gan ta in ba ta haƙuri ba.