Muryar Yaya a Cikin Salula

Shekarar da na gama karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi na dawo Dakoro na zauna gida ba aiki. Ina nan sai wata 'yar ƙungiya mai taimakon mata masu ciki ta neme ni. Madam, sazfam ɗin da ke musu aiki, wato ungozomar likita, ita ta yi mini bayani. Mata na mance ranar awo, wasu sai ciki ya tsufa suke zuwa likita, wato asibiti. Ƙungiyar na son manhaja a salula wadda za ta riƙa tuna musu.

Aikin bai yi mini wuya ba. Abin da ya fi cin lokacina shi ne ɗan akwatin saƙon nan da ke faɗowa bisa fuskar salula, ya rufe komai sai an amsa shi. Wanda ya zo da kayan aikin fari ne fat, rubutunsa ƙanana, maɓallinsa da Faransanci. Na sake shi gaba ɗaya. Na ba shi launin kore, na ƙara girman rubutu, na sa hoton mace da mayafi a sama. Maɓalli biyu na yi masa: "Na ji" da "Tuna mini an jima". Na kuma ɗaure shi yadda taɓa gefe ba ya kore shi, don Madam ta ce yara na wasa da salular iyayensu. Saboda rezo, wato layin sadarwar waya, ba ya kai wa ƙauyuka da yawa, sai na sa duk ranakun su zauna cikin salular kanta. Da an shigar da watan ciki, ita ke nan, ba ta bukatar kowa.

Saura murya, tunda yawancin matan ba su karanta boko. Na gwada tawa, Madam ta saurara ta ce kamar mai karanta labarai a rediyo. A lokacin yayata, wadda nake bi, tana da ciki na fari bayan ta daɗe tana jira. Ita ce mai muryar gidanmu; ko faɗa take yi sai ka ji kamar lallashi. Na same ta tana gyaran gujiya a tsakar gidanta, na roƙe ta. Ta yi ta dariya, ta ce ita da kunyar cikin fari za ta tsaya tana maganar awo? Da ƙyar ta yarda, muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa saboda kukan awaki. Ba ta bi abin da na rubuta ba. Nata ta faɗa: "Sannu 'yar'uwa. Gobe ranar awonki ce. Ki daure ki je, kin ji?"

Salularta ce ta farko da na saka wa manhajar. Daga nan ta bazu. Madam na tura ta daga salula zuwa salula a wurin awo, har matan Korahane da Ɗan Gulbi suka samu, wasu a salular mazajensu. Yaya kan tsokane ni, ta ce na sa ta yawon ƙauye tana zaune a ɗakinta.

Cikin na wata bakwai jini ya ɓalle mata. Aka kai ta likita, aka yi abin da za a iya. Ita ta tsira. Yaron, namiji, bai zo da rai ba. Mijinta da kawunmu suka kai shi makwancinsa, ita ko fuskarsa ba ta gani ba.

Bayan an sallame ta Inna ta ɗauko ta zuwa gidanmu. Wata hantsi ɗakin cike da mata 'yan gaisuwa, Yaya na kwance ta juya wa bango fuska, ni ina zuba wa baƙi kunu. Salularta na kan taga tana shan caji. Sai fuskarta ta yi kore, muryar Yaya ta fito, da fara'arta da komai, tana cewa gobe ranar awo ce.

Wata tsohuwa ta fara salati a hankali. Na ajiye ludayi na nufi tagar, amma Yaya ta riga ni miƙa hannu. Ta daɗe tana kallon akwatin. Ba ya tafiya sai an amsa, kuma amsa biyu kaɗai na ba shi. Ta danna "Na ji", ta mayar da salular, ta koma ta kwanta.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Da baƙi suka watse ta ce mini kawai in raba 'yarta da wannan abu. Na goge manhajar daga salular Yaya a ranar. Sai dai na san ba ita kaɗai ba ce. A cikin matan da muka saka wa, ba duka ne za su kai wata tara ba, kuma salularsu za ta ci gaba da kiransu awo har ranar da aka lissafa.

Na koma kan aikin, zan ƙara maɓalli na uku. Rubuta shi a ordinatar bai kai shan shayi ba. Abin da za a rubuta a kansa ne ya hana ni sukuni. Na fara sa "Ciki ya zube", na dube shi a fuskar salula, na goge. Na sa "Na haihu" da "Ban haihu ba", na ga ya fi muni. A makaranta an koya mana cewa duk abin da ba a iya dawo da shi, sai an fito da akwati na biyu a tambayi mutum ko ya tabbata. Na yi shi, na karanta da ƙarfi: "Kin tabbata?" Na tuna da bayan Yaya a kan gado. Na rufe ordinatar na fita tsakar gida.

Ni da Madam muka yi ta juya maganar. Ita tana son a san dalili, don ƙungiya na bukatar sanin wadda ta haihu da wadda ta rasa. Ni na ce a tambaye su baki da baki, ba ta salula ba. Mun ɗan yi sa-in-sa, daga baya ta sakar mini. Muka tsaya a kan "A bar tuna mini". In an danna, wani ɗan akwati zai fito ba tambaya a cikinsa, sai dai "To. Allah ya ƙara lafiya", ya ɓace da kansa. Mai jego za ta iya dannawa, wadda ta rasa ma haka, ba wanda zai san wace ce.

Madam ta riƙa saka sabuwar manhajar a salular matan da ke zuwa awo, na ɗauka an gama. Sai bayan Yaya ta koma ɗakinta, ta fara fita, ta je barka gidan maƙwabta. Tana zaune cikin mata salular wata ta yi magana da muryarta. Matan suka juyo suna dubanta, wata ma ta yi murmushi ta ce ai ga mai muryar nan. Ta tashi ta bar takalminta a can.

Da maraice ta aiko in zo. Na same ta zaune bakin gado. Ba ta amsa gaisuwata sosai ba.

"Auta, ki cire ni daga ciki," ta ce.

Na fara yi mata bayanin cewa babu rezo, sai an bi kowace salula da hannu.

"To ki bi."

Na ɗauki muryata, mai kama da ta rediyon, na maye gurbin tata. Ranakun kasuwa nakan hau bayan moton mijin Madam mu tafi ƙauyuka, mu zauna ƙarƙashin rumfar likita muna jiran mata. Wasu suka miƙo salula ba musu. Wasu kuma mazajensu sun tafi Najeriya da salular. A Korahane wata mata ta ɓoye tata cikin zane, ta ce ita wannan muryar take so, tana sa ta ji kamar tana da 'yar'uwa a gari. Na rasa yadda zan gaya mata ba tare da na tona cikin yayata ba. Na ce manhajar ta lalace ne, za ta cinye mata batir. Ta ce ta ji, a bar mata. Matan makiyaya kuwa damina ta riga ta ja su arewa, wajen Azagor, ba wanda ya san inda suka sauka.

Da na dawo Yaya ta tambaye ni ko an gama. Na ce saura kaɗan da ban samu ba. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tankaɗe. Tun daga nan ta rage zuwa taron mata, in ta je ma tana zama kusa da ƙofa. Da ni ba ta yi fushi a fili ba. Tana aiko mini da tuwo, tana tambayar aikina. Amma ta bar tsokanata, kuma in na shiga ɗakinta da salula a hannu sai in ga idonta a kai, har na koyi barin ta a gida.

Bayan shekara biyu ta sake samun ciki. Ba ta gaya mini ba. A bakin Inna na ji, lokacin har ya fito. Mijinta ne ya riƙa kai ta awo, a wata likita dabam da ta Madam. Ta haifi mace lafiya. Kafin suna ni na kwana biyu ina tuyar cincin, ranar sunan kuma ni na raba goro. Da rana, da mutane suka ragu, ta miƙo mini jaririyar ta ce in riƙe mata za ta yi wanka. Na zauna da ita a cinya har ta fito.