Akuyar da Ta Yi Tashe a Shagon Likitan Awaki

An ce a lokacin annoba, ɗan kawuna ba ya sayar wa mutum magani sai ya durƙusa ya yi kukan akuya. Ƙarya ce tsagwaronta. Na sani, domin ni na ƙirƙiro ta.

Likitan Awaki muke ce masa, ko da yake karatun likitancinsa bai wuce abin da aka rubuta a jikin kwalba ba. Shagonsa na maganin dabbobi ne, ɗan tsukuku, in ya yi atishawa sai kwalabe su amsa. Shekara da shekaru ba mai leƙa shi sai masu kaji da ƙudaje.

Sai ga annoba. Masana suka kaure da gardama a rediyo, wasu na cewa a jira sabuwar ƙwayar asibiti, wasu na cewa tsofaffin magunguna ma sa yi. Kafin su gama, unguwa ta yanke hukunci a waya: maganin tsutsar dabbobi shi ne magana. Mutanen da ko kyanwa ba su taɓa kiwo ba suka wayi gari makiyaya.

Likitan namu, bawan Allah, ya tsorata, kada wani ya sheƙa barzahu da kwalbar shagonsa a hannu. Ya kafa doka: a kawo dabbar, shi zai ɗura mata da hannunsa.

Akuya ɗaya ce tak a layin, ta mai wanki, gurguwa. Tela ya jawo ta, aka ɗura mata, ya koma hannu rabbana. Direba ya dawo da ita da ƙyalle a wuya, wai wata ce. Har ta gane hanya, in an sake ta sai ta je ta bi layi da kanta.

Ran nan sai ga Kawu, mahaifinsa, yana tari kamar tsohuwar mota, riƙe da igiyar gurguwa. Ya rantse ba zai sha ƙwayar da bai san iyayenta ba.

"Baba, wannan akuyar ta fi ni lafiya."

"To ba ni nata, in kai mata gida."

"Ya ƙare. Amma akwai a babban shago, ku hau mu je."

Ya goya shi a babur, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar asibiti. Kawu ya zage shi tun daga wurin gwaji har kan gado, ya sha ƙwayarsu, ya miƙe. Har gobe cewa yake iskar babur ce ta warkar da shi.

Da ƙura ta lafa na je na jingina da kantar shagonsa, na ce, "Likita, a ɗan sam mini na riga-kafi mana, ko sai na aro gurguwa?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya jawo kwalbar.

"Kai ai ba sai ka aro ba. Buɗe bakin."