Gwangwanin Malam

Ilmin yanayi bai shigo ƙasar Gumel da tambari ba, a tsohon gwangwanin madara ya zo. Jiya ƙamshin ruwan farko ya tuna mini da malaminmu na elementare, wanda ya kafa gwangwanin bisa turke, muna tsoma tsinke muna auna ruwan sama.

Wata shekara fari ya cinye shukar farko, irin geron da ya rage mana bai cika ƙwarya ba. Da aka sake ruwa, gari ya fita shuka. Babana ya tsaya ƙofar makaranta da sungumi.

"Malam, in zuba?"

Malam ya ɗaga tsinken. Bakin tsinken kawai ya jiƙe.

"Yayyafi ne. Ka dakata."

"In na makara, kai za ka ciyar da su?"

Baba ya koma gida, maƙwabta na dariya. Ruwa ya ɗauke, shukarsu ta ƙone, tamu ta baya ta yi.

Allah ya haskaka kabarin Malam, ya shayar da shi Alkausara. Gwangwanin dai, mun gano daga baya, yoyo yake.