Na ɗauki gero, na bar Inna

"Ƙara jawo ta kusa," na ce wa Sani mai hoto, a shagonshi na Dogon Dutsi.

Ya jawo hoton a kan kwamfutarshi. Fuskar Inna ta watse kamar an zuba tsaba a tabarma.

Shi ke nan hoton mahaifiyata da muke da shi, Allah ya jiƙan ta. Ni gwanin na ɗauka da wayata, shekarar da gero ya yi kyau. Na yi ta ja da baya don dammuna duka su shiga, in yi wa ƙanena da ke Kwatano kuri. Inna na can gefen rumbu, ba ta fi ƙwayar wake ba.

Na ce, "To, ɗaura wancan dogon gilashin kyamarar taka mai kama da taɓarya."

Ya ce, "Kawu, gilashi ranar ɗauka yake aiki. Idon wayarka ƙarami ne, abin da bai kama ba ya tafi. Na yanzu har furfura suke ƙirgawa."

Ɗiyata mai sunan Inna ce ke son ganin fuskar kakarta. Sai dai in nuna mata gero.

Ku da naku ke raye, ku matsa kusa. Wa ya yi wauta irin tawa?