Gardamar Baba da Alhaji a Kan Kwandasta

Tun ina firamare nake jin Baba da maƙwabcinmu suna gardama a kan mutumin da babu shi sai a takarda. A Gyaɗi-Gyaɗi muke zaune, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Alhaji. Baba ma'aikacin gwamnati ne, Alhaji kuma tayoyi yake sayarwa a bakin titi. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Baba zai sayo jaridar Hausa, su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, su tsallake labaran siyasa su nufi shafin baya, inda ake zanen barkwanci.

Zanen na wani direban bas ne mai tumbi da cika baki, kullum sai ya jawo wa kansa rigima. Su kuwa ba direban ne ya dame su ba, kwandastansa ne, wani siriri mai hula a karkace, wanda ba ya cewa komai sai "Haka ne, maigida."

Baba ya tsane shi. "Ɗan amshin Shata ne," in ji shi. "Yana ganin ubangidansa zai faɗa rami, ya ƙi buɗe baki. Irinsu ne suka cika ofisoshinmu."

Alhaji sai ya girgiza kai. "Malam, ba ka san zaman kasuwa ba. Duk ranar da aka kama direban nan, wa ke kai masa abinci? Fasinja sun watse, shi yana nan."

Har masu karatu sukan rubuto wa jaridar, wasu su ce a cire shi, wasu su ce don shi suke saye. Baba da Alhaji kowannensu sai ya ɗauki wasiƙar da ta goyi bayansa ya karanta wa ɗan'uwansa da ƙarfi. A haka na gama makaranta, na yi aure, Baba ya yi ritaya.

Daga baya mai gidan da Alhaji ke haya ya sayar da gidan, suka koma Hotoro. Ba a jima ba aka aiko mana cewa Alhaji ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

Ni na kai Baba a mota, da jarida a hannunsa. Muka tarar da Alhaji kwance a kan katifa a ƙasa, bakinsa ya karkace, ya rame ƙwarai. Baba ya zauna kusa da kansa, ya buɗe masa shafin. A makon nan direban ya afka da bas cikin kwata, kwandasta na tura ta shi kaɗai. Baba ya daɗe yana kallon abokinsa, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, ashe kai ne da gaskiya. Mutumin kirki ne."

Alhaji ya zuba masa ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya, ya juyar da fuskarsa bango. Har muka yi sallama bai waiwayo ba.

A hanyar komawa, da muka shigo Tarauni, Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Na yi masa maganar da ake yi wa mai barin duniya. Kuma ya gane."

Da Juma'a ta zagayo muka koma. Ko zama Baba bai gama yi ba ya ce, "Na janye maganata. Dubi abin da mutuminka ya yi yau. Munafuki ne, ko ka so ko ka ƙi." Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya daki katifa, ya sake duka, wani gurnani na fita daga maƙogwaronsa. Hajiya, matarsa, ta leƙo a tsorace. Da ta ga abin da ake yi sai ta koma tana share ido da mayafi.

Mun ci gaba da zuwa har cikin damina, lokacin da Allah ya karɓi ran Alhaji. Baba ne ya tsaya a sahun gaba a sallar jana'iza, ya kuma shiga cikin masu saka shi a kabari, duk da ciwon gwiwar da ke damunsa.

Bai daina sayen jaridar ba. Yanzu siyasar yake karantawa, daga farko har ƙarshe, ya ninke ya ajiye. Wata rana na tambaye shi halin da kwandasta ke ciki. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, in duba da kaina. Na ɗauka zan karanta masa, ya ce in bari, ya miƙe ya ɗauki buta.