Wayar da Mavis Probert Ta Buga

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyen Pencott, can yammacin Ingila, ya ci dankalin Mavis Probert, kuma ya sha harararta. Ita ce mai dafa abincin makarantar tun tana budurwa har gwiwa ta ƙi ta. Mace ce mai tsafta har ta wuce misali, ga baki da ba ya ajiye magana. Gidanta ne na ƙarshe a layin, bayansa shinge, bayan shingen wani filin ƙaramar hukuma da babu mai morar sa sai zomaye.

Mijinta ya rasu ya bar mata gidan da ɗa guda, Neil, ƙato mai zuciya a kusa, wanda ke aiki a gonar shanu. Gemunsa ya fara furfura, amma in uwarsa ta ce wane ya ɓata mata rai, sai an riƙe shi. Ita ma ta san haka sarai. Takan ce wa maƙwabta Neil kaɗai ta mallaka a duniya, ko tari ya yi ba ta iya cin abinci.

Da hukuma ta ce za ta gyara filin nan ya zama mazaunin Jipsi, mutanen da ke yawo da gidajensu a bayan mota, sai layin ya ɗauki zafi. Wannan ya ce makaranta ta cika, wancan ya ce hanya ƙarama ce, wani ya ce shara, wani ya ce darajar gidajensu za ta faɗi. Aka kafa kwamiti, aka naɗa Mista Colley shugaba, mutumin da ya iya magana a taro ya kuma iya ɓacewa in ta yi tsami. Mavis ce ta fi kowa ɗaga murya. Ita da tana yarinya tare suke tsinkar tuffa da Jipsi a gonaki, ba wanda ya taɓa ɗaukar mata ko allura. Amma tsoro ba ya tambayar hujja, kuma tsoron take ji da gaske.

A lokacin iyalin Jipsi guda ne kawai a gefen filin, su Loveridge. Sun tsaya ne saboda tsohonsu Nelson ba lafiya, asibiti kuma na kusa. Mavis kan ji tarinsa in tana shanya. Ranar da tarin ya tsaya ba ta lura ba.

Wata safiya ta leƙa ta tagar bene, ta ga motoci na kwararowa cikin filin, manya da ƙanana, har ciyawa ta ɓace. Al'adarsu ce: in babba ya mutu, duk dangi sai sun zo, komai nisa, babu mai uzuri. Ana ajiye gawar a gidan motarsa, an lulluɓe bango da farin ƙyalle, ƙofa a buɗe, ana binne shi kowa ya kama gabansa. Da an tambaya da an ji. To, a Pencott ba wanda ya taɓa tsallake shingen nan don ya tambayi komai.

Ta kira Colley, ya ce zai kira taro. Ta kashe, ta kira ɗanta.

"Neil, sun zo. Duk sun zo."

"Su wa, Mama?"

"Su wa kuma? Kai kana can kana goge wa shanu gindi, an cinye gidan ubanka. Da yana raye da ba a yi mini haka ba."

Neil ya kashe wayar. A lokacin yana kan tarakta, yana jan tankin ruwan kashin shanu da ake fesa wa gona, cike taf.

Bai tsaya buɗe ƙofar filin ba, da taraktar ya banke ta ya shiga. Ya buɗe famfon ya kewaya, baƙin ruwa mai wari yana tashi sama yana sauka kan kowa. Daidai lokacin maza ke fitowa da akwatin gawar a kafaɗa. Kashin ya rufe baƙaƙen kwat, ya rufe mata da 'yan jarirai, ya rufe motocin da aka cika da furanni, har da wani doki da aka saƙa da fararen furanni don tsohon. Ɗaya daga masu ɗaukar ya zame, akwatin ya daki ƙasa da kusurwa, murfin ya tsage.

Nan take filin ya hargitse. Mazan suka fasa gilashin taraktar da ƙarfen cire taya, suka jawo Neil ta ƙafa, kansa ya bugi matakala. Ya tashi ya naushi na farko, haƙora suka zube, ya karya hancin na biyu. Daga nan bai sake tsayuwa ba. Takalma ne kawai ke sauka, a haƙarƙari, a baki, a fuska. Wani jikan mamacin, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya sauke masa ƙarfen a gefen ido.

Mavis ta ratsa shingen da silifas, ƙaya na yagar ta. Sai da ta iso ta ga akwatin, sai a nan ta gane. Ta faɗa kan ɗanta ta rufe shi da jikinta, ita ma ta sami rabonta na takalmi biyu kafin wata tsohuwa ta daka tsawa kowa ya ja baya. Sabina ce, matar mamacin, kashi na ɗiga daga gashinta.

"Naki ne wannan?" ta tambayi Mavis.

"Nawa ne, baiwar Allah. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

"Shinge ne kawai tsakaninmu, ba teku ba. Ɗauke shi. Gawa ɗaya ta ishe mu yau." Ta cire gyalenta ta durƙusa tana goge akwatin mijinta.

'Yan sanda sun kwashi mutane ta kowane ɓangare. Jikokin Nelson biyu a tsare suke aka binne kakansu. Neil ya rasa idon hagu, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, aikin gona ya tafi, ga shari'a na jiransa. Hukuma kuwa ta ce wurin bai dace ba, ta janye maganar filin.

Ranar da labarin ya fito, Colley ya ƙwanƙwasa ƙofa da kwalbar giya a hannu, fuska sai sheƙi. Ya tarar da Mavis a falo riƙe da kofin miya, tana ƙoƙarin cusa wa ɗanta tsinken zuƙa ta tsakanin waya.

"Mun yi nasara, Misis Probert," in ji shi. "Layin nan duka na gode miki."

"Ajiye kwalbarka a waje, ka bi ta," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya fita. Ta matsa da kujerarta ta dawo daman Neil, gefen da yake gani, ta ce, "Sha kaɗan, ɗan nan." Ya juyar da kai a hankali, kamar yadda yake yi tun da ya dawo daga asibiti, ya ba ta gefen da babu ido.